Ƙullin Kaba a Tungar Arzika

Na daɗe ina shakkar tarukan nan da kamfanoni ke shiryawa su ce ba za su ɓata muhalli ba. A ƙasar da na yi karatu na halarci irinsu. Za a miƙo maka kofin takarda ana alfahari, alhali motocin da suka kawo mahalarta sun cika fili suna fitar da hayaƙi. Shi ya sa da na dawo gida, aka ce wani kamfanin sarrafa shinkafa zai yi irin wannan taro a bakin ruwa a Yelwa, na je ne don in ga inda za a yi tuntuɓe. Ban gani ba. Babu leda ko ɗaya a ƙasa, babu ƙarar janareta, rumfunan na zana ne, ruwan sha kuma a randuna. Aka kawo wa kowa masa da gasasshen kifi a kan faifai fari tas, aka ce kowa ya tafi da nasa. Na rataye nawa a ɗaki, na kuma yarda cewa zatona ne ya yi yawa. Bayan shekara da ɗoriya na shiga jirgin ruwa neman wadda ta ɗinka shi, da niyyar in rubuta yabo. Ga abin da na samo.

Sunanta Dudu, tana zaune a Tungar Arzika, wani ƙauye a gaɓar tafki ta ɓangaren Ngaski. Garin da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwa. Ba ta tuna shi, domin a goye aka fito da ita shekarar da aka datse kogi ruwa ya hau. Abin da ta sani game da shi daga bakin innarta ta ji, kuma duk labarin yakan ƙare ne da magana ɗaya: ruwa bai yi ƙara ba, a hankali ya zo, kamar baƙo mai kunya.

Da mutanen suka sauka a sabon wuri, dattijonsu Arzika ya hana a taɓa wani kurmin kaba da ya bi gaɓar daga mashaya har zuwa wajen da ake ɗaure jirage. Kaba ita ce goruba tun tana ƙarama, kafin ta yi tsawo, lokacin da take fitar da ganye cunkus a ƙasa. Saiwarta kamar raga take, ita ke riƙe yashin gaɓa idan iska ta koro igiyar ruwa. Mata kuma ba su da abin saƙa sai ita. Sai Arzika ya raba gardama: a yanka, amma duk wadda ta cire tohon tsakiya daga gindi, ta ƙulla ganyen da ke kusa da shi. Gindin da aka ƙulla an bar shi ke nan, sai ruwan sama ya sauka a kansa. Babu mai gadi, babu tara. Arzika ya rasu tun Dudu tana budurwa, amma ƙullin ya ci gaba, har ya zama kowace mace tana da irin nata, ana gane shi kamar yadda ake gane tafiyar mutum daga nesa.

A hannun innarta Dudu ta koyi aikin. Tabarma, mafici, lefe, malafa, duk tana yi, amma a faifai ta yi suna. Akwai lokacin da ba a kai amarya ɗaki a yankin nan ba tare da faifan Dudu a bango ba. Daga baya roba ta shigo kasuwar Yelwa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ba ta jin ruwa, gara ba ta cin ta. Dudu ta yi aure, ta haifa, ta binne miji, tana ganin layin masu kaba a kasuwa yana gajercewa. Ranar da ba ta mantawa ita ce wadda wata yarinya ta ɗaga faifanta ta nuna wa ƙawarta, ta ce, "Dubi kayan mutanen da." Ba da mugunta ta faɗa ba. Wannan ne ma ya fi ciwo.

Abokiyar aikinta tun suna amare ita ce Laraba, matar Bitrus. Gidansu Laraba shi ne na ƙarshe a ƙasa, katangarsu na kallon kurmin kaba, daga kurmin sai ruwa. Na Dudu ne ke bi masa daga sama. Laraba tana zuwa coci ranar Lahadi, Dudu tana azuminta, kuma shekara da shekaru tabarma ɗaya suke zama a kai a gindin mangwaron gidan Dudu suna tsaga kaba, suna yi wa juna tsiya.

"Ɗinkinki kamar haƙoran tsohuwa," in ji Dudu. "Nan akwai, nan babu."

"Naki kuma ya cika tsauri kamar mai shi," in ji Laraba.

A tsakiyar rani Sadiya ta zo. 'Yar ƙanen Dudu ce, ta ɗan zauna a hannunta tana ƙarama, yanzu kuma tana aiki a Kaduna a wani ofishi da ke shirya wa kamfanoni taruka. Ta zo da fara'a da takalmi a hannu saboda laka. Ta zayyana wa gwaggonta yadda taron zai kasance: babu faranti na roba, babu ruwan leda, wutar daga rana za a ɗauko, ragowar abinci a mayar da shi taki, kowane baƙo ya dasa itace kafin ya tafi. Abin da ya rage mata shi ne abin zuba abinci, kuma ba ta son a kawo daga nesa. Tana cikin magana idonta ya faɗa kan wani ƙaramin faifai da Dudu ta ɗinka wa kanta da zallan farin toho, wanda take rufe kwanon shanta da shi. Ta ɗauke shi hoto ta aika wa ogarta. Kafin shayi ya huce amsa ta dawo: irin wannan ake so, ɗaruruwa, da tambarin kamfani a tsakiya da koren zare.

"Gwaggo, za a kira sunanki a lasifika," in ji Sadiya. "Ki tsaya gaban manya, a ce ga wadda ta yi."

Dudu ta yi dariya kamar abin bai dame ta ba, amma basillar da ke hannunta ta tsaya.

Sadiya ba sakarya ba ce. Ta duba wajen kurmin ta ce, "Amma ki faɗa mini gaskiya. In an yanki da yawa haka, ba zai cutar da itatuwan ba? Don in zai cutar, an ɓata abin da ake son gyarawa."

"Kaba?" in ji Dudu. "Tun ban san kaina ba ake yankan ta. Kaba ba ta ƙarewa, ɗiyata."

Ta san lissafin bai cika ba tun a lokacin. Ta dai ce a ranta akwai dajin ƙetare, akwai kasuwa, Allah zai kawo mafita.

Matan tunga suka taru a gindin mangwaro. Makonnin farko abin ya yi daɗi. Har 'yan matan da suka raina sana'ar suka dawo suna neman a koya musu. Kowace safiya mata na shiga kurmi su fito da toho, su bar ƙulli a baya. Sannu a hankali ƙullin ya yi yawa, har ya zama in ka tsaya a mashaya ka duba, kurmin gaba ɗaya kamar kan yarinyar da aka yi wa kitso. Ranar da aka ƙulla gindi na ƙarshe, aikin bai wuce rabi da kaɗan ba.

Dajin ƙetare, inda kaba take kamar ciyawa, ya daina shiguwa. Masunta ma da ke kwana a can sun kwashe komarsu sun dawo, suna magana ƙasa-ƙasa a kan mutanen da suke gani a kan babura. Dudu ta aika aka sayo kaba a kasuwar Yelwa, sai aka kawo mata busasshiya mai launin ƙasa-ƙasa. Ta ɗinka guda da ita, aka aika hotonsa Kaduna. Sadiya ta bugo waya.

"Gwaggo, oga ta ce sun fi son farin nan, duk su zama iri ɗaya saboda hoto. Amma in ba zai yiwu ba ki faɗa mini yanzu. Sai a rage yawan, ragowar a zuba a ƙwarya. Ba komai ba ne."

Dudu ta kalli matan da ke zaune, kowace ta ɗaga kai tana saurare. Ta tuna yarinyar kasuwa. Ta hango teburan taro, rabi faifanta, rabi ƙorai, da mai lasifika yana cewa abin da aka samu ke nan.

"Wa ya ce miki ba ya yiwuwa?" in ji ta. "Ki kwantar da hankalinki."

Ranar Lahadi da hantsi, bayan ta ga Bitrus da Laraba da jikokinsu sun haura zuwa coci, ta ɗauki lauje da buhu ta gangara. Ta zaɓi ɓangaren da ke bayan katangarsu, domin nan kurmin ya fi duhu, ba a hango mutum daga mashaya. Gindi na farko ƙullin Laraba ne, mai kunne biyu. Ta tsaya a kansa kamar mai jiran a yi mata izini. Waƙar coci na saukowa daga tudu, ruwa na lasar gaɓa a hankali. Ta sa yatsa ta kwance.

Sabon tohon bai gama fitowa ba, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. In tana son fari mai tsawon da zai ɗinku, sai ta zura lauje can ciki, har inda abin yake da laushi da ɗanshi. Innarta ta taɓa buge mata hannu a kan haka, ta ce nan ne ran kaba yake. Ta zura. Na biyu bai yi mata wuya kamar na farko ba. Kafin a tashi daga coci ta cika buhu, ta koma gida ta bayan gari.

Washegari Laraba ta ɗauki toho ɗaya ta murza a yatsa.

"Wannan kamar ɗan jariri. Ina kika samo?"

"Wani ya kawo min daga Shanga."

"Mutanen Shanga sun fara kirki ke nan," in ji Laraba, ta ci gaba da tsagawa.

Lahadi ta sake zagayowa, Dudu ta sake gangarawa. Haka ta yi ta yi har kurmin bayan katanga ya ƙare, ta matsa gaba.

Akwai abin da ta sani amma ta ƙi tunawa: ganyen da ya daɗe a ƙulle, ko an kwance shi ba ya miƙewa. Wata safiya, kafin sauran mata su iso, Laraba ta shigo ba sallama, ta ajiye ganye guda a cinyar Dudu. Yana da lanƙwasa biyu, daidai inda kunnuwan ƙullinta suka zauna.

"Na je neman akuya," in ji Laraba. "Sai na tarar Shanga ta matso har bayan ɗakina."

Dudu ba ta ɗago ba.

"Ruwa na kusa," in ji ta. "In ya sauka za ta toho."

"Kin zura ciki, Dudu. Na sa yatsa na ji." Laraba ta zauna a inda ta saba zama, ta jawo kwandonta. "Katangata ce a ƙasa, ba taki ba. Shi ya sa kika fara daga can?"

"Don ba a gani na fara daga can."

"Na sani. Da kin ce wani abu daban da na tashi."

Ba ta tashi ba. Ta ce an riga an yanka, in aka bar shi ya bushe a banza asara ta zama biyu. Ta ɗinka rabonta har ƙarshe, ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta. Abin da ya canza shi ne ta daina yi wa Dudu tsiya. Matan suka lura gindin mangwaro ya yi shiru, suka ɗauka gajiya ce.

Ranar taro ta zo, kuma abin da Sadiya ta faɗa ya tabbata. An kira sunan Dudu a lasifika. Ta tashi cikin sabon zane ta taka har gaban rumfa, manyan mutane suka miƙe suna tafi, wata mata daga Abuja ta riƙe hannunta ta juya shi tana kallon kantar da basilla ta yi masa. Ina wurin, na yi tafi da kowa. Da ta ba ni labarin daga baya ba ta raina wannan rana ba. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin tsayinta kamar ranar ba. Da yamma baƙi suka dasa itatuwansu a jere, aka ɗauki hotuna, aka share wurin, ba a bar ko tsinke ba.

Ruwan sama ya sauka a kan lokaci. Ɓangaren mashaya, inda ba a kwance ƙulli ba, ya yi kore cikin kwanaki kaɗan. Bayan katangar Bitrus kuwa shiru. Ruwa ya taru a ramukan da lauje ya bari, tsakiyar kowane gindi ya yi baƙi, wani wari kamar na rogo da ya ruɓe ya riƙa shiga tsakar gida. Ganyen waje suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka ce wata cuta ce ta shigo wa kaba. Wasu suka ce maganin feshi ne da ake zubawa a gonakin shinkafa ya gangaro.

Tafki ya fara cika kamar yadda ya saba idan damina ta yi nisa. A da, igiyar ruwa in ta zo sai ta shiga cikin ganye ta mutu. Yanzu tana zuwa kai tsaye ta dafa yashi, ta koma da ɗan abin da ta samu. Ba ta yin ƙara. Bitrus ya fara ganin tsaga a ƙasa, siririya kamar zare, ta bi ta bayan rumbunsa. Ya kafa turaku, ya tara tsofaffin buhunan taki na leda ya cika su da yashi ya jera a gaɓa. Dudu ta aika masa da duk buhun da ke gidanta. Ya zo har ƙofa ya yi godiya.

"Inna Dudu, ke kaɗai kika tuna da ni," in ji shi. "Allah ya bar zumunci."

Laraba na tsaye a bayansa da tulu a kai.

Wata safiya cikin kaka, rana ta fito sarai, babu ko iska, Laraba tana shanya gero sai ta ji ƙasa ta yi wata ajiyar zuciya. Ta juya ta ga itacen lemonsu yana tafiya a tsaye. Rumbu ya bi shi, sai kusurwar katanga. Duka suka zauna cikin ruwa a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Ba a rasa rai ba, jikokin suna makaranta. Kafin sati ya zagayo Bitrus ya cire kwanon rufinsa da ƙofofinsa ya koma tudu kusa da hanya, wurin ɗan'uwansa. Garin ya ɗora laifin a kan masu buɗe ruwa da rufe shi a madatsa, sannan aka ce haka Allah ya so. Sadiya ta ji labari ta aiko da jaje. Har yau ba ta san alaƙar wannan abu da faifan taronta ba.

Yanzu gidan Dudu ne na ƙarshe a ƙasa.

Lokacin da na isa tungar bazara ce, ruwa ya ja baya sosai, kututturan itatuwan da tafki ya cinye tun zamanin iyayenmu sun fito suna tsaye baƙi ƙirin. Hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa. Laraba ce ta nuna mini gidan, domin har yanzu takan sauko ta zauna a gindin mangwaro, ko da yake an ce ba kullum ba. Su biyun suka ba ni labarin tare, ɗaya na faɗa ɗaya na gyarawa, ba tare da sun kalli juna ba. Laraba ta ce in zan rubuta in canza sunan gari. Na canza.

Da rana ta yi sanyi Dudu ta ce in biyo ta. Muka wuce kangon gidan Bitrus, inda daɓen ɗaki ya ƙare a sarari kamar an yanke shi da wuƙa. Ta nuna mini tsaga a ƙasa da ƙafarta, ba ta tsaya ba. Wannan sabuwa ce, ta ce, bara babu ita. Na auna da ido, daga tsagar zuwa zaurenta bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba.

A gangaren da ya rage ta binne ƙwallayen goruba tun farkon rani, tana ɗebo ruwa da tulu tana zuba musu. Kaɗan sun fito. Goruba ba ta gaggawa, kowa ya san wannan, saiwar da za ta riƙe gaɓa sai an yi shekaru. Muna tafe take gaya mini, kamar wadda ke ba da labarin wasu, cewa Sadiya ta bugo shekaranjiya. Hotunan taron sun zaga, wasu kamfanoni sun gani, akwai babban taro da za a yi a Birnin Kebbi bayan damina. Suna son irin faifan nan, farin nan dai, har ma fiye da na bara yawa. Za a aiko mota ta ɗauke ta. Ta faɗi haka, idonta ya tafi wajen mashaya, inda ragowar kurmin yake kore shar.

Sai ta durƙusa gaban wani ɗan tsiro da bai fi yatsa ba. Ganye biyu gare shi. Ta kama ɗaya a hankali ta ƙulla, ta matsa gaba ta ƙulla na kusa da shi. Na duba baya na ga duk waɗanda muka wuce a ƙulle suke.

Na ce, "Inna, wannan ai babu abin yanka a jikinsa. Wa kike ƙulla wa?"

Ta ja ƙullin ta gwada ƙarfinsa, sannan ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Wadda ta kwance na bara. Tana nan cikin garin ga, kuma har yau ba ta ba Sadiya amsa ba."